Amlodipin: wata 11 Inna tana sha, ga abinda na gani da idona

Jama'a assalamu alaikum. Tun watan jiya nake cewa zan zauna in rubuta wannan abu amma gyaran takardun ɗalibai bai barni ba, yau dai Allah ya bani sarari. Maganar akan ƙwayar hawan jini ce da mahaifiyata take sha, amlodipin, wata 11 kenan cif tana kai, kuma ni ne mai zuwa farmasi duk ƙarshen wata, ni ne mai awon tansiyon ɗinta, wato ƙarfin bugun jininta, da safe kafin in wuce makaranta. Ni ba likita bane, malamin SVT ne, wato kimiyyar halittu da ƙasa, a wata lise, makarantar sakandare, nan Garwa ta Kamaru, to karatun da nayi ya ɗan taimaka min wajen gane abinda ƙwayar take yi a jiki, shi yasa nace bari in haɗa duka biyun, abinda na gani da abinda na sani, ko wani mai tsohuwa a gida zai amfana.

Yadda abin ya fara, Inna ta daɗe tana kukan ciwon ƙeya, wani lokaci idan ta miƙe daga sallaya sai ta dafa bango, mu duka mun ɗauka rana ce don kun san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi yana wuce digiri 40 kamar wasa. Ranar da tace idonta yana ganin hazo-hazo na tare kilando, wato abin hawa na haya, muka tafi asibiti. Infirmiye, wato nas, ya ɗaura mata abin awo, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun, yace mu zauna minti goma ya ƙara gwadawa, duka dai 18/10. Ga waɗanda suka saba da lissafin Najeriya wannan shine 180 bisa 100, mu nan ana cire sifili ne. Iyakar da ake cewa mutum ya shiga hawan jini 14/9 ce. Likita ya rubuta ordonans, amlodipin 5mg, ƙwaya ɗaya a rana.

Farmasin farko da na shiga, ba zan kama suna ba, yaron da ke kanta ya karɓi takarda ya miƙo kwali ya faɗi kuɗi, shikenan, ko ɗago kai bai yi ba. Na tambaye shi da safe ake sha ko da dare yace duk ɗaya. Gaskiya ya faɗa a hakan, amma wallahi akwai magana uku ko huɗu da da ya faɗa min a minti ɗaya da mun huta da tashin hankalin da muka shiga daga baya. Wannan abin har yanzu yana min ciwo domin tsofaffin da ke zuwa su kaɗai ba mai karanta musu takardar cikin kwali da aka rubuta da Faransanci ƙanana-ƙanana, su ina za su sa kansu?

Ita ƙwayar kanta ba ta da wahala. 'Yar ƙarama ce fara, Inna da ba ta son haɗiyar magani ma tana shanye ta da kurɓi ɗaya, ba ruwanta da ko an ci abinci ko ba a ci ba. Asalinta na kamfanin Pfizer ne, an fara amfani da ita a 1990, a ƙasashen Faransanci sunanta na kasuwa Amlor, wasu wurare Norvasc. Yanzu kamfanoni da yawa suna yin jenerik ɗinta kuma shi muke saya saboda ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sinadarin ciki ɗaya ne. Hukumar lafiya ta duniya ma ta sa ta cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a ƙasa ba.

Kwana uku da farawa na auna naga 17/10, raina ya ɓaci, Inna tace kai ɗan nan an dai ci kuɗinka. Ashe haka take, a hankali take taruwa a jini, sai tayi kamar mako guda kafin ta daidaita, kuma fitarta ma a hankali ne, rabin abinda aka sha sai ya ɗauki awa 30 zuwa 50 kafin jiki ya kawar da shi. Shi yasa sau ɗaya ta isa a rana. Ni a ganina wannan shine babban kyawunta, ba ta fizgo tansiyon ƙasa lokaci ɗaya mutum ya ji jiri ya faɗi. A mako na uku muka fara ganin 15/9.

To yanzu bari in shiga inda nafi so, wato me take yi a ciki, don Inna da kanta ta tambaye ni wata rana tana tankaɗe, tace wai shin ƙwayar nan jinin take tsinkawa ko rage shi take? Nace mata Inna ba ɗaya daga ciki, hanyar jinin take sakewa.

Duk wanda ya taɓa zuwa lambunan bakin kogin Binuwai ya ga masu ban ruwa da tiyo, idan mutum ya matse bakin tiyo da yatsa ruwan sai ya fita da ƙarfi, injin kuma ka ji ya canja murya yana wahala. Jijiyoyin jini ƙanana haka suke, sai dai su yatsan a jikinsu yake. Bangon kowace jijiya akwai wata tsoka da ta zagaye ta kamar zobe, ba irin tsokar dantse ba da kake motsa ta da niyya, ita wannan kanta take aiki dare da rana. Idan ta tsuke hanya ta ƙuntata, zuciya sai ta ƙara ƙarfi ta tura, tansiyon ya hau. Kuma ƙuntatar kaɗan ba ƙaramin abu take jawowa ba, a lissafin da muke koya wa 'yan aji na ƙarshe idan faɗin bututu ya ragu da rabi wahalar wucewar ruwa tana ninkawa sau 16.

Me ke sa tsokar ta tsuke? Kalsiyom. A fatar kowace ƙwayar halitta ta wannan tsoka akwai wasu ƙofofi mitsi-mitsi da kalsiyom kaɗai ke bi, masana suna kiran babbar cikinsu Cav1.2. A waje kalsiyom ya fi na ciki yawa kusan sau 10,000, kamar jama'a ne sun cika bakin ƙofar kasuwa suna jira, ana ɗan buɗewa sai su kwararo. Da ya shiga sai ya kama wani furotin mai suna kalmodulin, shi kuma ya tada wani anzim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, anzim ɗin ya manna fosfat a jikin zaren tsoka, zaren ya ja, jijiya ta tsuke. Amlodipin tana zuwa ne ta lafe a jikin ƙofar nan ta hana ta yawan buɗewa, kalsiyom kaɗan ya shiga, tsoka ta saki jiki, jini ya wuce salin alin.

Abinda yafi burge ni, kuma shine ba a cika faɗa ba, ƙofar nan akwai masu gadinta tun kafin magani ya zo. Sune anzim, 'yan Najeriya suna cewa inzayim. Wasu ana ce musu kinaz, aikinsu manna fosfat a jikin furotin, wasu fosfataz, su cirewa suke. Mannawa da cirewar nan kamar makunnin lantarki ne, a kunna a kashe, kuma mutum biyu da suka gano wannan tsari, Edmond Fischer da Edwin Krebs, an basu kyautar Nobel a 1992. A tsokar jijiya akwai ɗaya da ake kira PKC, idan wani sinadari mai suna anjiyotansin II ya zo ya ƙwanƙwasa sai PKC ya tashi ya sa ƙofofin kalsiyom su riƙa buɗewa fiye da da, jijiya ta ƙara matsewa. Akwai abokin hamayyarsa PKG. Shi kuma shimfiɗar cikin jijiya ce take fitar da wata iska da ake kira NO, iskar ta ratsa cikin tsoka ta sa a samar da wani ɗan saƙo, ɗan saƙon ya tada PKG, shi kuma ya sa a rage shigar kalsiyom tsoka ta huta. Gano aikin wannan iska ma ya ci Nobel a 1998. Kenan duk bugun zuciya ana ja-in-ja ne a bangon jijiya, ɗaya yana cewa buɗe ɗaya yana cewa rufe, mai lafiya kuma ma'aunin ya daidaita. Idan shekaru suka ja, gishiri yayi yawa, ko taba, ko siga, sai ɓangaren masu matsewa ya rinjaya.

Ranar da na gane wannan sai na fahimci dalilin da yasa ba a daina shan ƙwayar don an ga tansiyon ya sauka. Ita a bakin ƙofa kawai take tsaye, ba ta kori PKC ba, ba ta gyara abinda ya lalata ma'aunin ba, ranar da ta bar jiki masu buɗe ƙofa suna nan inda suke. Kuma saboda tana daɗewa kafin ta fita, mutum zai daina sha kwana biyu ya auna ya ga lafiya lau yace ai na warke, sai bayan mako abu ya dawo ba sallama. Maƙwabcinmu wani dattijo haka yayi, yanzu hannunsa na dama da ƙafa ba sa aiki, Allah ya bashi lafiya, duk lokacin da na wuce naga an fito da shi inuwa sai jikina yayi sanyi.

Sai maganar siga, wannan ya shafe mu don ƙanwar Inna tana da duka biyun. Akwai wani anzim PKA wanda a al'ada yana cikin masu taimakawa jijiya ta saki. Amma masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka sun nuna cewa idan siga yayi yawa a jini, wani ɓangare na PKA da ke ɗaure dab da ƙofar Cav1.2 sai ya manna mata fosfat a wani gurbi guda, mai lamba 1928, ƙofar ta ƙara buɗewa jijiya ta tsuke. Sun gani a ɓeraye kuma sun gani a jijiyoyin masu ciwon siga. Ni dai tun da na san haka na daina kallon shayin da ake zuba wa siga cokali huɗu da ido ɗaya. Goggo da na yi mata bayani tace to ashe siga da hawan jini 'yan gida ɗaya ne, nace ƙofa ɗaya ma suke bi.

Yanzu laifin ƙwayar, don tana da shi. Bayan wata biyu tansiyon ya tsaya a 15/9 ya ƙi sauka, likita ya ƙara zuwa 10mg. Mako uku da haka wata la'asar Inna ta kira ni tace zo ka ga ƙafata. Idon sawunta duka biyu sun kumbura, silifas ɗinta ya yi mata shaida a bayan ƙafa, na danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Wallahi a daren nan ban yi barci ba, tunanina ƙoda ko zuciya. Mata kuma suka shigo kowa da nata, wannan tace sammu ne an taka, waccan tace maganin Nasara ne yake ruɓar da jiki a daina, Inna kuma ba ta faɗa min ba ta ɓoye kwalin ƙarƙashin katifa kwana huɗu ba ta sha.

Allah ya taimaka farmasin da ke gadi a makon, wato mai zama a buɗe idan sauran sun rufe, wata ce daban a wata unguwa, na tarar da wata mata ita ce mai wurin, na nuna mata hoton ƙafar a waya. Tace in kawo Inna. Washegari ta fito daga bayan kanta ta ja kujera ta zaunar da ita, ta gaishe ta da Fulatanci taji Hausa ce bakinta sai ta juya, tace Hajiya sannu da jiki, numfashi yana miki wahala idan kin kwanta? Inna tace a'a. Da safe kumburin yana raguwa? Tace sosai ma, sai yamma yake dawowa. Tace to mai yiwuwa ƙwayar ce amma ku koma wurin likita ya duba ƙoda da zuciya ya tabbatar, kada ku daina sha da kanku. Ta yi bayanin da ya dace da abinda na sani, ƙwayar tana buɗe jijiyoyin da ke kai jini amma ba ta buɗe masu dawo da shi kamar haka ba, to sai matsi ya ƙaru a 'yan ƙananan hanyoyin da ke tsakani ruwa ya tsattsafo cikin nama, ƙafa kuma ita ce a ƙasa. An fi ganinsa a mata, da masu shan 10mg, da lokacin zafi. Mu kuwa duka ukun mun haɗa. Tun ranar can nake sayen magani duk da ya fi min nisa, kuɗin kilando bai kai darajar wannan minti goman ba.

Likita yayi gwaji komai lafiya, sai ya mayar da ita 5mg ya ƙara mata wata ƙwaya, perindopril. Nan ma anzim ne a tsakiyar maganar, ita perindopril tana toshe anzim ɗin da ke ƙera anjiyotansin II ne, wato mai zuwa ya tada PKC, kenan ɗaya tana tsare ƙofa ɗaya kuma tana tare ɗan aiken tun daga hanya, kuma tana taimakawa masu dawo da jinin su saki, shi yasa kumburi yake raguwa. Cikin mako biyu silifas ya koma shiga. Kuma wannan haɗin ba da ka aka yi shi ba, akwai binciken da ake kira CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, mutum 728 baƙaƙen fata a ƙasashen Afirka 6 har da Kamaru, aka ga haɗin da ke da amlodipin a ciki, ko da perindopril ko da ƙwayar sa fitsari, ya fi wanda babu ita saukar da tansiyon. Naji daɗin wannan ƙwarai domin a jikin irinmu aka gwada. Perindopril tana sa wasu tari busasshe, kuma mai ciki ba ta sha sam, Inna dai ba ta samu tarin ba.

Wani abu da ya bani tausayi, da Inna ta ji ina ta ambaton kalsiyom sai ta daina sayen kindirmo wurin 'yar Fulanin da take kawo mana shekara da shekaru, wai kada ta ƙara wa ƙofar jama'a. Sai da na zauna na lallashe ta. Jiki yana riƙe kalsiyom na jini a ma'auni ɗaya ko ka sha nono ko ba ka sha ba, ƙwayar kuma ba ta taɓa na ƙashi, tsohuwa ma tafi kowa buƙatar nono. Tsokar hannu da ƙafa kuma daga rumbunta na ciki take ɗibar nata kalsiyom shi yasa ƙwayar ba ta kashe jiki. Abinda ya kamata a rage gishiri ne, hukumar lafiya ta duniya tace kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, kuma Maggi da kanwa da kilishi duk suna cikin lissafin. Wannan yaƙin ya fi na shan ƙwaya wuya a gidanmu, har yau ana yi.

Abubuwan da matar farmasin ta ja min kunne akai, in faɗa muku a gurguje. Hanta ce take narkar da amlodipin da wani anzim nata CYP3A4, to akwai magungunan da ke rage masa gudu kamar klaritromisin sai ƙwayar ta taru tayi yawa, akwai mai ƙara masa gudu kamar rifampisin na tarin fuka sai ta rasa ƙarfi, don haka duk likitan da za a je a faɗa masa ana shan ta. Diklofenak da ibuprofen da tsofaffinmu ke sha kamar gyaɗa saboda ciwon gwiwa suna ɗaga tansiyon. Maza kuma masu sayen ƙwayar ƙarfi a bakin titi, ita ma ta hanyar PKG ɗin nan take aiki tana buɗe jijiya, a tambayi likita kafin a haɗa. Sannan a riƙa goge baki da kyau don wasu dasashinsu yana kumbura.

Na taɓa ganin kwali mai sunan amlodipin a tiren mai talla a kasuwa, rana ta dake shi har launinsa ya koɗe, kuɗinsa ƙasa da na farmasi. Ban saya ba kuma bana ba kowa shawara, ciwon da ba ya nuna alama idan aka baka garin alli yaushe za ka gane?

Da azumi ya zo na ɗauka za a sha wahala, likita yace kawai ta mayar da shi bayan buɗa baki kullum lokaci ɗaya, ta sha ruwa sosai da dare, kuma haka akayi ba matsala ko ɗaya. In an manta rana ɗaya ba a haɗa biyu washegari.

Yau da safe na auna 13/8, ciwon ƙeya ya tafi tun tuni, tana zuwa gidan biki da ƙafarta. Idan za a ce in ba ƙwayar maki zan bata 8 cikin 10, na cire ɗaya saboda kumburin, ɗaya kuma saboda jenerik ɗin da muke samu duk wata kwalinsa daban, wata shuɗi wata kore, Inna da ba ta karatun boko sai tace an canja mata magani ta ƙi sha sai na dawo. Kuma ba a rubuta ranaku a bayan katin ba, mutum ba zai san ya sha ta yau ko bai sha ba. Dabarar da nayi, nakan sa alƙalamin maka in ja layi bayan kowace ƙwaya bakwai in rubuta Juma'a da ajami a farkon layin, katin kuma yana cikin gwangwanin da take ajiye carbi, tana idar da asuba hannunta yake kaiwa. Ranar Litinin mai zuwa za mu koma a sake duba ƙodarta saboda perindopril ɗin.